Ƙa'idar Mafi Ƙarancin Gudu a Manyan Hanyoyi: Manufarta da Yadda Ake Aiki da Ita

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana yabon tafiyar sannu. Yakan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yakan kuma ce sauri ya haifi nawa. Waɗannan karin magana sun samo asali ne daga zamanin da ake tafiya a ƙasa ko a kan jaki da raƙumi, lokacin da ayarin fatake gaba ɗayansa ke tafiya da taki kusan ɗaya, wanda ya gaji kuma ya ratse gindin bishiya ya huta ba tare da ya cutar da kowa ba. Da mota ta shigo ƙasar Hausa, sai gargaɗin hukumomi da na iyaye ya ƙara ƙarfafa wannan tunani, domin kullum abin da ake jan kunnen direba a kai shi ne gudun wuce sa'a.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a kan wasu hanyoyi doka ta yanke wa gudu iyaka ta ƙasa kamar yadda ta yanke masa iyaka ta sama. Wato akwai hanyar da nawa a kanta laifi ne, kuma takan jawo asarar rai. A wannan babi za a yi bayanin ma'anar wannan ƙa'ida, da matsayinta a dokar Nijeriya, da dalilan kafa ta, da yadda wasu ƙasashe suke aiki da ita. Daga nan za a dubi hanyoyin Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano, waɗanda manyan motocin masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai suke bi, don a ga yadda ƙa'idar take cin karo da zahirin rayuwa.

2.0 Ma'anar Ƙa'idar Mafi Ƙarancin Gudu

Ƙa'idar mafi ƙarancin gudu doka ce da ke ƙayyade gudun da bai halatta abin hawa ya yi ƙasa da shi ba a kan wata hanya, muddin hanyar a buɗe take, yanayi kuma yana da kyau. Ana auna gudun ne da yawan kilomitocin da mota za ta ci a cikin awa ɗaya. Idan aka haɗa wannan ƙa'ida da takwararta ta mafi yawan gudu, sai a sami iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa, waɗanda ake son kowace mota ta tsaya a tsakaninsu.

Ba kowace hanya ake sanya wa wannan ƙa'ida ba. Littafin Ƙa'idojin Hanya na Nijeriya ya kasa hanyoyi gida uku ta fuskar gudu: titunan cikin gari, da manyan hanyoyi na tsakanin garuruwa, da kuma tagwayen hanyoyi na musamman waɗanda aka raba masu tafiya da masu dawowa da shinge a tsakiya. Wannan kashi na uku shi ne aka gina domin doguwar tafiya ba tare da tsaye-tsaye ba, kuma a kansa ne ƙa'idar mafi ƙarancin gudu ta fi yin aiki. A cikin gari, inda yara ke tsallaka titi, masu talla ke kai-kawo, babu mai hankalin da zai tilasta wa direba ya taka totur.

Ana gane ƙa'idar ta hanyar allonta. Allon mafi yawan gudu zagayayye ne mai jan baki, da lamba a tsakiya, domin yana cikin allunan hani. Shi kuwa allon mafi ƙarancin gudu zagayayye ne shuɗi, da farar lamba a tsakiya, domin yana cikin allunan umarni. Inda ƙa'idar ta ƙare, akan sa irin wannan shuɗin allo da jan layi a gicciye. Wannan tsari ya fito ne daga Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya, wadda ƙasashe da dama suke bi. Direban da bai san bambancin allunan biyu ba yana iya ganin shuɗin allo mai lamba 60 ya ɗauka an hana shi wuce 60, alhali umartarsa aka yi da kada ya gaza 60.

3.0 Matsayin Ƙa'idar a Dokar Nijeriya

Hukumar da ke kula da wannan fanni a matakin tarayya ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Dokar da take aiki da ita a yanzu ita ce ta 2007, sannan akwai Dokokin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na 2012 waɗanda suka fayyace ƙa'idojin tuƙi dalla-dalla. A ɓangaren da ya shafi tagwayen hanyoyi na musamman, dokokin sun sanya kilomita 45 a awa a matsayin mafi ƙarancin gudu, da kilomita 100 a matsayin mafi yawa, sai dai inda allo ya nuna wani abu daban.

Shi kuwa mafi yawan gudu ya bambanta daga wani nau'in abin hawa zuwa wani, kamar haka:

i. Ƙananan motocin gida: kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

ii. Tasi da bas: kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya.

iii. Tirela da tanka: kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya.

iv. Janwe, idan tana jaye da wata mota: kilomita 45 a ko'ina.

Idan aka duba wannan jeri da kyau, za a ga cewa direban tirela a kan tagwayen hanya yana da ɗan siririn fili ne tsakanin 45 da 60, direban janwe kuma iyakarsa ta sama ita ce dai iyakarsa ta ƙasa. Wannan ya nuna an zaɓi lamba 45 ne don ta zama gwargwadon abin da mafi nauyin motoci masu lafiya za su iya yi.

Bugu da ƙari, doka ta hana wasu masu amfani da hanya hawa irin waɗannan tagwayen hanyoyi baki ɗaya. Daga cikinsu akwai dabbobi, da masu tafiya a ƙasa, da masu talla, da masu keke, da masu tura kura, da babura masu ƙananan injuna, da masu koyon tuƙi. An kuma hana tsayawa da yin lodi ko sauke kaya a kan hanyar. Duk waɗannan hane-hane rassa ne na manufa ɗaya, wato kada a haɗa mai gudu da mai nawa a layi guda. Haka kuma tun da Nijeriya ta yi canjin hannu a ranar 2 ga Afrilu, 1972, ta koma tuƙi a hannun dama, layin dama ne na masu tafiya a hankali, na hagu kuma na mai son wuce wata mota. Ƙin matsawa dama don ba na baya hanya laifi ne da jami'an hukumar ke iya kama direba a kansa, haka ma toshe hanya.

4.0 Dalilan Kafa Ƙa'idar

4.1 Rage Tazarar Gudu Tsakanin Motoci

Idan motoci biyu suna tafiya a layi ɗaya, sun kuma fuskanci wuri ɗaya, abin da ke haddasa karo a tsakaninsu shi ne bambancin gudunsu. Motoci biyu da kowacce ke gudun kilomita 90 za su iya yini suna bin juna ba su haɗu ba. Amma da zarar ta gaba ta yi ƙasa sosai, sai ta zama tamkar bango ga ta baya.

Alal misali, a ɗauka ƙaramar mota tana gudun kilomita 100 da daddare, a gabanta kuma akwai tirela mai rarrafe da kilomita 30, ba ta da fitilar danja. Bambancin da ke tsakaninsu kilomita 70 ne a awa, wato ƙaramar motar tana cim mata da kimanin mita 19 a kowace daƙiƙa. Idan fitilar motar ba ta hasko bayan tirelar ba sai da ya rage mita 60, to direban yana da daƙiƙa uku kacal. Kusan rabin wannan lokaci zai tafi ne wajen ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki. Sauran ɗan abin da ya rage da ƙyar zai ishi birkin ya rage gudun, ko da tayoyin sababbi ne, kwaltar kuma busasshiya. Da a ce tirelar tana gudun kilomita 60, bambancin zai dawo 40, wato kimanin mita 11 a daƙiƙa, direban kuma zai sami fiye da daƙiƙa biyar, lokacin da zai ishe shi ya rage gudu ko ya kauce.

Har ila yau, ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da daidai da ƙaruwar bambancin gudu. Yana ƙaruwa ne gwargwadon bambancin idan an ninka shi da kansa. Saba'in sau saba'in 4,900 ne, arba'in sau arba'in kuma 1,600. Ke nan karon farko ya ninka na biyu ƙarfi kusan sau uku. Abin ya fi muni idan aka tuna cewa bayan tirela yana da tsayi, ƙaramar mota kan kutsa ƙarƙashinsa ne, ƙarfen ya sami mutanen ciki daidai kai da ƙirji.

4.2 Rage Yawan Shan Gaban Mota

Wuce wata mota na daga cikin ayyuka mafiya haɗari a tuƙi, domin direba zai bar layinsa, ya ƙara wuta, ya kuma dogara da madubi da kintace. Duk motar da ke nawa tana tilasta wa na bayanta yin wannan aiki, kuma ana iya lissafa yawan waɗanda za ta tilasta wa.

A ɗauka akwai hanya mai tsawon kilomita 90, motoci 300 ne kuma ke shiga cikinta a kowace awa, kowacce tana gudun kilomita 90, wato tana ƙare hanyar a awa ɗaya. Tirelar da ke gudun kilomita 60 za ta ƙare hanyar a awa ɗaya da rabi, motocin da za su wuce ta kuwa su ne waɗanda suka shigo a cikin rabin awar da ta biyo bayan shigarta, wato 150. Idan gudunta 45 ne, za ta yi awa biyu, motoci 300 su wuce ta. Idan kuwa 30 ne, za ta yi awa uku, motoci 600 su wuce ta. A nan za a ga cewa raba gudun tirelar biyu, daga 60 zuwa 30, ya ninka yawan shan gabanta sau huɗu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan 600 dama ce ta kuskure, kuma kuskure ɗaya ya isa.

4.3 Hana Cunkoso da Asarar Dukiya

Mota mai nawa takan tara jerin gwano a bayanta. Idan tirela biyu masu nawa suka jera kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana ƙoƙarin wuce ɗaya a hawa, sai layukan biyu su toshe na tsawon mintuna. Direbobin baya su gaji da jira, wasu su faɗa gefen hanya ta dama don su wuce, wasu su manne wa juna ba tazara. Daga nan ne ake samun karon da kan haɗa motoci uku ko huɗu a jere. Ban da haɗari, akwai asarar mai saboda yawan taka birki da sake ɗaukar wuta, da lalacewar kayan gwari a hanya, da jinkirin motar ɗaukar marasa lafiya. Gwamnati kan kashe maƙudan kuɗi ta gina hanyar da za ta ɗauki dubban motoci a rana, amma mota ɗaya mai rarrafe ta mayar da ita tamkar burtali.

4.4 Abin da Bincike Ya Nuna

A 1964, wani mai bincike a hukumar kula da hanyoyi ta Amurka, David Solomon, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi a kan direbobi kimanin 10,000 da suka yi haɗari a manyan hanyoyin karkara. Ya gano cewa waɗanda suka fi tsira su ne masu tafiya kusa da matsakaicin gudun sauran motoci, haɗari kuma yana ƙaruwa ga waɗanda suka zarce wannan matsakaici da nisa, da ma waɗanda suka gaza shi da nisa. Masanan da suka biyo baya sun yi wa binciken gyara, inda suka nuna cewa da yawa daga cikin masu nawar da suka yi haɗari suna shirin yin kwana ne ko shigowa hanya, ba doguwar tafiya suke yi a hankali ba. Da aka cire irin waɗannan, sai haɗarin nawa ya ragu a lissafi, amma bai ɓace ba.

Wajibi ne a fahimci wannan sakamako a muhallinsa. Bai nuna cewa gudu ya fi nawa aminci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ke kai ga mutuwa da kimanin kashi 4 cikin 100. Abin da binciken ya koyar shi ne, ana rage tazara ta ɓangare biyu: a sauko da mai gudun wuce sa'a, a kuma ɗago mai rarrafe ko a fitar da shi daga layin. Na'urar ƙayyade gudu da hukumar FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa gadan-gadan daga 1 ga Fabrairu, 2017, ta ɓangaren sama take aiki. Ƙa'idar kilomita 45 kuma ta ɓangaren ƙasa.

5.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suke Aiki da Ita

Ƙasashe sun bi hanyoyi uku wajen aiwatar da wannan manufa. Hanya ta farko ita ce a sanya lamba ɗaya ga hanyar gaba ɗaya. A Sifen mafi ƙarancin gudu a manyan tagwayen hanyoyi kilomita 60 ne, a Fotugal da Japan 50, a jihohin Amurka da dama kuma mil 40 ko 45, wato kimanin kilomita 64 ko 72.

Hanya ta biyu ita ce a ba kowane layi lambarsa. A Faransa, wanda ya hau layin ƙarshe na hagu a babbar tagwayen hanya, da rana, hanya a buɗe, kwalta busasshiya, bai halatta ya gaza kilomita 80 ba. A ƙasar Sin mafi ƙarancin gudu a irin waɗannan hanyoyi 60 ne, amma inda layuka suka kai uku, na ƙarshen hagu 110 ne, na tsakiya kuma 90.

Hanya ta uku ita ce a tace motocin tun daga ƙofar shiga. A Jamus ba a yarda abin hawa ya hau babbar hanyarsu ta musamman ba sai ƙirarsa ta ba shi damar wuce kilomita 60. Birtaniya kuwa ba ta da lamba ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Takan sa shuɗin allo ne a wasu wurare, kamar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ta kuma hukunta mai nawar da ta wuce kima a matsayin tuƙin rashin kula da sauran jama'a. Abin lura a duk waɗannan ƙasashe shi ne, akan tanadi wata hanya ta daban da tarakta da keke da ƙaramin babur za su bi su isa inda za su.

6.0 Hanyoyin Kumbotso da Motocin Masana'antu

Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta kewaye kudancin birnin Kano, ta ƙunshi mazaɓu irin su Chalawa da Panshekara da Na'ibawa da Mariri da Chiranchi. A cikinta rukunin masana'antu na Chalawa yake, wanda ya yi suna wajen kamfanonin jimar fata. Ga rukunin Sharaɗa a maƙwabtaka, ga kuma Bompai, wanda ya fi su daɗewa, a arewa maso gabashin birni. A cikinta ne kuma aka buɗe Tashar Tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023, domin sauke kwantenonin da ke zuwa daga tashoshin ruwa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma shekaru masu yawa jirgin ƙasa ne ke ɗaukar gyaɗa da fata da kiraga zuwa Legas. Da harkar jirgin ta ja baya, sai nauyin ya koma kan kwalta. A yau ɗanyen kayan da masana'antu ke sarrafawa da kayan da suka ƙera, mafi yawansu a bayan tirela suke shiga suke fita. Motocin Chalawa da Sharaɗa kan bi ta hanyar Panshekara su hau hanyar kewaye ta yamma, wadda aka tsara daga Na'ibawa zuwa Dawanau. Na Bompai da tankokin mai na Hotoro kan bi hanyar kewaye ta gabas. Duka biyun kuma a Na'ibawa suke haɗuwa da tagwayen hanyar Zariya, wadda wani yanki ce na hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kimanin kilomita 375, wadda aka fara aikin sake ginawa a 2018.

A wannan mahaɗa ake ganin kowane irin gudu a wuri guda. Ga ƙaramar motar da ta taso daga Kaduna da gudun 100 ko fiye, ga tirelar da ta fito daga masana'anta da cikakken lodi tana neman giya ta uku, ga tifar yashi, ga akori-kura ɗauke da lemo ko katako daga kasuwannin Na'ibawa, ga a-daidaita-sahu na tsayawa ɗaukar fasinja, ga ɗaliban makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi suna neman tsallakawa. Idan aka ci gaba zuwa Tamburawa da Kura da Kadawa, sai a haɗu da taraktocin manoman rani da amalanken shanu da motocin tumatir. Gyaran hanyar ya sa ƙananan motoci sun ƙara gudu, amma bai ƙara wa tsohuwar tirela ƙarfin inji ba. Ta haka hanya mai kyau takan faɗaɗa tazarar da aka yi bayani a baya idan ba a bi ta da tsari ba.

Abubuwan da ke sa babbar mota ta gaza kilomita 45 a miƙaƙƙiyar hanya sanannu ne ga masu sana'ar. Na farko lodin da ya wuce kima, wanda ke sa mota ta kasa ɗaukar wuta, musamman a hawa. Na biyu tsufan inji da rashin gyara. Na uku rashin ingancin birki ko taya, inda direba ya san motarsa ba za ta tsaya ba idan ta yi gudu, sai ya zaɓi rarrafe. Na huɗu gajiya da barci. Idan aka duba, kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai haɗari ne a karan kansa. Saboda haka motar da ta kasa cika ƙa'idar tana shaida wa jami'in hanya cewa akwai abin da ke damunta, kuma wurin da ya dace da ita shi ne garejin makaniki ko ma'aunin nauyi.

7.0 Lokutan da Ƙa'idar Ke Sauka

Ƙa'idar mafi ƙarancin gudu ba ta ɗaure direba a kowane hali ba. Tana sauka idan hazon hunturu ya rufe hanya har ba a hango nesa, ko ana ruwan sama mai ƙarfi, ko akwai cunkoso, ko ana aikin hanya, ko an yi haɗari a gaba, ko jami'in hanya ya ba da umarni. Haka nan inda tagwayen hanya ta ratsa gari ko kasuwa, ƙa'idar cikin gari ce ke aiki. Doka ba ta taɓa neman direba ya yi gudun da ba zai iya tsayawa a cikin nisan da idonsa ke gani ba.

Wanda larura ta tilasta masa yin ƙasa da ƙa'ida yana da haƙƙoƙi a kansa. Ya koma layin dama, ya tabbatar fitilunsa na baya suna aiki, ya kuma fita daga hanyar a wuri na farko da ya dace. Idan motar ta mutu, ya kawar da ita daga kan kwalta, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku can nesa da bayanta. Ganyen da aka saba zubawa a hanya ba ya ɗaukar haske da daddare, shi ya sa ake buƙatar manyan motoci su manna kaset mai ƙyalli a baya da gefe.

8.0 Matsalolin Aiwatarwa

Matsala ta farko ita ce ƙarancin sani. Direbobi da yawa sun koyi sana'ar ne daga zama yaran mota, ba su taɓa buɗe littafin ƙa'idojin hanya ba, shuɗin allon kuma ba a cika ganinsa a gefen hanya ba. Ta biyu ita ce yanayin hanyoyin su kansu. An gina tagwayen hanyoyi da yawa ne a kan tsohuwar hanyar da ke ratsa garuruwa, don haka manomin da gonarsa ke hayin titi ba shi da wata hanyar da zai bi da amalankensa. Hana shi hawa titi ba tare da an yi masa hanyar gefe ko gadar tsallakawa ba zalunci ne, kuma dokar da ta ci karo da abincin mutum da wuya ta yi tasiri. Ta uku ita ce matsin tattalin arziki, domin mai mota na son lodi ɗaya ya biya kuɗin biyu, direba kuma ba ya iya musa wa ubangidansa.

Maganin waɗannan matsaloli yana hannun ɓangarori da yawa. Masu gina hanya su tanadi hanyoyin gefe, da ƙarin layi na manyan motoci a wuraren hawa, da wuraren hutawar direbobi. Masana'antu su auna lodi tun daga ƙofarsu, su kuma ƙi ba motar da ba ta da lafiya kaya. Jami'an FRSC da na duba lafiyar motoci da na KAROTA, wadda Jihar Kano ta kafa a 2012, su mayar da hankali ga mai toshe layin hagu kamar yadda suke yi ga mai gudun wuce sa'a. Ƙungiyoyin direbobi kuma su yi amfani da tashoshinsu wajen wayar da kan 'ya'yansu.

9.0 Rawar da Malami Zai Taka

Ɗaliban da malami zai koyar a firamare da ƙaramar sakandare su ne direbobi da fasinjojin gobe, wasunsu ma tun yanzu suna tuƙa babur ko suna kora shanu a bakin titi. Malamin Hausa na iya shigar da wannan batu cikin darussansa ba tare da ya kauce wa manhaja ba. A darasin karin magana, ya sa ɗalibai su tattauna inda "sannu ba ta hana zuwa" ta dace da inda ba ta dace ba, don su gane cewa kowane karin magana yana da muhallinsa. A darasin insha'i, ya sa su rubuta bayanin bambancin jan allo da shuɗin allo. A darasin ƙirƙirar kalmomi, ya sa su tattaro kalmomin direbobi daga tashar mota mafi kusa, su rarrabe na aro da na asali. Yana kuma iya haɗa kai da malamin lissafi wajen warware misalan da aka kawo a sama, ko ya taimaka a kafa ƙungiyar kiyaye haɗurra a makarantarsa, irin wadda hukumar FRSC ke ƙarfafa kafawa.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa ƙa'idar mafi ƙarancin gudu an kafa ta ne don a rage bambancin gudu tsakanin motocin da ke bin layi ɗaya, wanda shi ke haddasa karo ta baya da yawan shan gaba da cunkoso. An ga cewa dokar Nijeriya ta sanya kilomita 45 a tagwayen hanyoyi na musamman, ta kuma hana masu tafiyar sannu hawa su. An kuma ga cewa ƙa'idar ba lasisin gudu ba ce, tana sauka idan yanayi ya ɓaci, kuma ba ta yin adalci sai an tanadar wa mai amalanke da mai keke tasu hanyar. Misalin Kumbotso ya nuna cewa aikin yana farawa ne tun daga inda ake loda tirela, kafin ta hau kwalta.

Tambayoyi

1. Mece ce ƙa'idar mafi ƙarancin gudu? Bambanta allonta da na mafi yawan gudu.

2. Kawo dalilai uku da suka sa aka kafa ƙa'idar, tare da bayanin kowanne.

3. Mota tana gudun kilomita 90, tifar da ke gabanta kuma 36. Mita nawa motar ke cim wa tifar a kowace daƙiƙa?

4. Waɗanne lokuta ne ƙa'idar ke sauka, kuma me ya wajaba a kan direban da ya kasa cika ta?

5. Tsara darasin minti 40 na ajin farko na ƙaramar sakandare a kan karin maganar "sauri ya haifi nawa", ka danganta shi da tafiya a kan babbar hanya.